Jan Zoben Xbox 360: tarihin tawul, bulowa da dala biliyan ɗaya

1/ Zare 🧵
A wajajen 2007 akwai mutane a Amurka da Turai, da hankalinsu, da suke ɗaukar na'urar gem ta dala 400, su naɗe ta da tawul biyu ko uku, su kunna ta, su bar ta ta yi zafi kamar za ta kama da wuta. Wai gyara suke yi. Abin mamakin kuma, tana tashi.

2/ Wannan tarihin matsalar da 'yan gem suka raɗa wa suna Jan Zoben Mutuwa ne, wadda ta addabi Xbox 360. Duk wanda gabansa ke faɗuwa in fankar PS4 ɗinsa ta fara ihu, ko yake tunanin buɗe na'urarsa da kansa, ya biyo ni a hankali. Akwai darasi a ciki.

3/ Mu fara daga tushe. Microsoft ya shigo harkar gem da Xbox ta farko a Nuwamba 2001. A lokacin PS2 ta Sony ta riga ta fi shekara a kasuwa. Ƙarshenta PS2 ta sayar da sama da miliyan 150, Xbox kuwa kimanin miliyan 24. An sha su da rata sosai.

4/ Sai Microsoft suka ce a zagaye na biyu ba wanda zai riga su fita. Suka saki Xbox 360 a Amurka ranar 22 ga Nuwamba 2005, ƙarama dala 299, babba dala 399. PS3 ba ta fito ba sai Nuwamba 2006. Sun samu shekara guda cur su kaɗai a fili.

5/ Amma Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa. Ɗan jarida Dean Takahashi ya wallafa dogon bincike a 2008, inda ya ruwaito cewa a farkon ƙera ta, a Agusta 2005, cikin kowace ɗari da ke fitowa daga layin masana'anta, 68 suna da matsala. Duk da haka ba a ɗaga ranar fitowa ba.

6/ A cikin na'urar akwai manyan aisi guda biyu. Ɗaya na lissafi, IBM ya ƙera. Ɗaya na zana hoto, ATI ya tsara. Duka biyun zafi suke fitarwa ba na wasa ba. Don akwatin ya yi siriri ya yi kyau a falo, aka cusa aisin hoton a ƙarƙashin gidan faifai, da ɗan gajeren ƙarfen shan zafi a kansa.

7/ A gaban na'urar, kewaye da maɓallin kunnawa, akwai zoben fitila mai kashi huɗu. In lafiya lau ne, kore yake nunawa. In ya koma ja:
• kashi 4: wayar talabijin ba ta shiga ba
• kashi 2: ta yi zafi, a bar ta ta huce
• kashi 1: wani sashe ya samu matsala, za ka ga lamba a talabijin
• kashi 3: innalillahi

8/ Kashi ukun nan shi ne Jan Zobe. Yawanci yakan fara da alamu: hoto ya daskare ana tsaka da wasa, ko wasu layuka su bayyana. Ka kashe ka kunna, ta dawo. Bayan kwana biyu ta sake. Wata rana ka danna maɓalli, fitilu uku ja su kalle ka, talabijin baƙi ƙirin.

9/ Da farko Microsoft ya ce ba wani abu ba ne, yawan masu lalacewa bai wuce abin da aka saba gani a kayan lantarki ba, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Garantin Amurka kuma kwana 90 ne kacal. In ta mutu a wata na huɗu, kai za ka biya kuɗin gyara. Sai a Disamba 2006 suka mayar da shi shekara ɗaya.

10/ Ku sa kanku a matsayin ɗan makarantar da ya tara kuɗi wata da watanni ya saya. Garanti ya ƙare, kamfani ya ce ba matsala, kuɗin gyara ya haura dala ɗari. Kullum yana kunnawa da fargaba. A irin wannan hali ne mutum ke karɓar kowace shawara, ko daga bakin wa ta fito.

11/ Kuma lokacin ya zo daidai da tasowar YouTube, wanda aka kafa a 2005. Yaro a ɗakinsa zai ɗauki bidiyo: ga jan zobe, ga abin da na yi, ga shi ta koma kore. Dubban mutane su gani da idonsu. Wa zai yi musu da abin da ya gani?

12/ Magani na farko: tawul. A naɗe na'urar ruf, a toshe duk kafofin iska, a kunna, a bar ta kamar minti 15 zuwa 20. A kashe, ta huce, a sake kunnawa. Sau da yawa sai kore ya dawo. Wani ya samu awa biyu, wani kwana uku, mai sa'a ya samu 'yan makonni.

13/ Bayanin da ake yi a lokacin shi ne wai zafin tawul yana narkar da liƙin da ya tsage ya sake haɗewa. Wannan ba zai yiwu ba. Liƙin da ake amfani da shi sai zafi ya kai wajen digiri 217 yake narkewa. Da tawul zai kai nan, da robar akwatin ta riga ta zama kunu.

14/ Abin da ke faruwa shi ne zafi yana sa kayan ciki su ɗan kumbura, sai bakunan tsagar su taɓa juna, wuta ta wuce. Tsagar tana nan daram. Kafin ta sake buɗewa kuma ka gasa kafasito da sauran ƙananan kayan da babu ruwansu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

15/ Magani na biyu ya fi kama da na masana. A bayan allon ciki akwai wasu ƙarafa biyu masu siffar X da ke riƙe ƙarfen shan zafi. Aka yanke hukunci cewa su ne masu laifi, suna lanƙwasa allon. Sai a cire su, a sa bol da wasa, a ɗaure tamau. Har kasuwa ta buɗe, ana sayar da kayan aikin a leda.

16/ Wasu kuma suka riƙa naɗe kwabbai da salatif suna mannawa a kan ƙananan aisin ma'ajiya, wai su danne su kuma su sha zafi. Wasu suka cire allon suka saka a oben ɗin girki, inda ake gasa biredi. Wasu suka bi shi da bulowa, irin wadda masu gyaran waya ke hura wa aisi.

17/ Masu shago da kayan aiki suka zo da nasu: a ɗaga aisin hoton gaba ɗaya, a goge ɗaruruwan ƙananan ƙwallayen liƙin da ke ƙarƙashinsa, a jera sababbi masu dalma, a mayar. Aiki ne mai wuya da tsada. Shi ma sau da yawa bayan 'yan watanni zoben ya dawo.

18/ Me ya sa kowa ya ɗora laifin kan ƙwallayen nan? Saboda a ranar 1 ga Yuli 2006 wata dokar Tarayyar Turai ta fara aiki, wadda ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki don guba ce. Kamfanoni suka koma liƙin kuza da ɗan azurfa da jan ƙarfe, wanda ba su gama sabawa da shi ba. Zargin ya yi ma'ana, sai kowa ya riƙe.

19/ Ku lura da abu ɗaya da ya haɗa duk magungunan nan: ko dai zafi, ko dannawa, ko duka biyun. Har mai canza ƙarfen X yawanci sai ya bar na'urar ta yi zafi kafin ya rufe. Kowa yana ganin dabararsa ce ta yi aiki, alhali abu ɗaya suke yi ta hanyoyi daban-daban.

20/ Ana cikin haka, a hedikwatar Microsoft al'amari ya kai maƙura. Na'urori na ta dawowa, wasu an gyara an mayar sun sake dawowa. Shugaban sashen Xbox na lokacin shi ne Peter Moore. Eh, shi dai wanda ya zama babban jami'in Liverpool daga 2017 zuwa 2020. 'Yan ƙwallo kun san shi.

21/ Moore ya ba da labari a 2015 cewa ya je gaban shugaban kamfanin, Steve Ballmer, da lissafin dala biliyan 1.15, wanda kusan miliyan 240 a ciki kuɗin jigila ne kawai ta FedEx. Ballmer ya ji adadin, ya ce a je a yi.

22/ Ranar 5 ga Yuli 2007 aka sanar: duk na'urar da ta nuna fitilu uku, garantinta ya koma shekara uku. Gyara kyauta, jigila kyauta, wanda ya riga ya biya a mayar masa da kuɗinsa. A lokacin an fitar da kimanin miliyan 11.6 zuwa kasuwa.

23/ Za su aiko maka da kwali fanko, ka saka na'urar, a zo a ɗauka. 'Yan gem suka sa wa kwalin suna akwatin gawa. Akwai waɗanda suka yi wannan jana'izar sau uku, sau huɗu.

24/ To ga inda abin ya yi ciwo. Akwai sitika a jikin na'urar da ke yagewa in an buɗe ta. Sharaɗin kamfani shi ne wadda aka buɗe ba ta cikin garanti. Wanda ya yi haƙuri ya ajiye tasa a kan kanta ya samu gyara kyauta. Wanda ya bi bidiyo ya sa bol ko ya kai ta oben, ya fita daga layi. Garin gyaran gira ya rasa ido.

25/ Nawa ne suka lalace? Kamfanin sayar da garanti SquareTrade ya duba na'urori kusan 16,000 a 2009. Cikin shekara biyu na farko:
Xbox 360: 23.7%
PS3: 10%
Wii: 2.7%
Wato kusan ɗaya cikin huɗu.

26/ Mujallar Game Informer kuma ta tambayi masu karatunta kusan 5,000 a shekarar, 54.2% na masu Xbox 360 suka ce tasu ta taɓa lalacewa. Wannan ƙuri'ar jin ra'ayi ce, kuma masu karanta mujallar gem sun fi kowa daɗewa a kan wasa, don haka a riƙe lambar da hannu biyu. Ko ta ina aka duba dai, ta yi nesa da kashi 5.

27/ Sai a Disamba 2021, shekara 16 bayan fitowarta, Microsoft ya saki fim ɗin tarihi mai kashi shida, Power On, inda kashi na biyar ya tsaya kan Jan Zobe. A nan injiniyoyinsu suka faɗi abin da suka gano: haɗin da ke karyewa a cikin kunshin aisin yake. Kuma abin da ke karya shi shi ne maimaita zafi da sanyi, kunnawa da kashewa.

28/ Bari in fayyace. Aisin hoton hawa biyu ne. Akwai ɗan gilashin silikon a sama, an liƙa shi kan wani ƙaramin faifai da ɗigo-ɗigon liƙi da ido ba ya gani sosai. Shi kuma faifan an liƙa shi kan babban allo da ƙwallayen da na ambata. Duniya tana ta faɗa da hawan ƙasa, ciwon yana hawan sama.

29/ Tsakanin silikon da faifan akwai wani gam da aka zuba don ya tallafi ɗigon nan. Masu gyara da suka bi diddigin lamarin daga baya sun nuna cewa gam ɗin da aka zaɓa yana laushi a zafin da aisin ke kaiwa kullum in ana wasa. In ya yi laushi, nauyin kumburi da tsukewa ya koma kan ɗigon, har su tsage.

30/ Ma'ana, babu tawul, babu bol, babu oben da zai kai hannu wurin. Ko sababbin ƙwallaye ba su taɓa shi ba, zafin aikin ne ke farfaɗo da ita na ɗan lokaci. Gyaran gaskiya shi ne a canza aisin da wanda aka ƙera bayan an gyara kuskuren. Tun daga masana'anta aka zo da cutar.

31/ Ba su kaɗai ba ne. A 2008 Nvidia ya ware kusan dala miliyan 200 saboda aisin hoto da ke mutuwa a laftof ɗin HP da Dell da Apple, kan irin wannan matsalar ta cikin kunshi. PS3 ta farko, mai ƙiba, ita ma tana da tata rawayar fitilar, kuma ita ma an bi ta da bulowa da na'urar busar da gashi.

32/ Microsoft ya yi ta sake allon. Xenon ne na farko, sai Zephyr da Falcon a 2007, sai Jasper a ƙarshen 2008 mai ƙaramin aisin hoto da ba ya zafi sosai. Daga Jasper abin ya lafa. A Afrilu 2009 suka saka matsalar E74 mai fitila ɗaya cikin garantin shekara ukun.

33/ A Yuni 2010 aka fito da siririya, Xbox 360 S, an haɗe aisi biyun a kunshi ɗaya. Kuma zobenta ba ya iya yin ja kwata-kwata, ɗigon tsakiya ne kawai ke canza launi 😅 Ƙarshenta 360 ta sayar da sama da miliyan 84 kafin a daina ƙera ta a 2016. A 2021 har fostar Jan Zoben suka sayar, dala 25.

34/ Ita kuma sitikar nan, a Afrilu 2018 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta rubuta wa kamfanoni shida, ciki har da Sony da Microsoft da Nintendo, cewa soke garanti don kawai an yage sitika ya saɓa wa wata dokar 1975. Ta ba su kwana 30 su gyara. Ga 'yan 2007 dai an makara.

35/ Kada wani ya fahimci cewa ina cewa kar a taɓa gyara a gida. Ga misali daga gida ɗaya: Xbox ta farko tana da wani kafasito na riƙe agogo da ke yoyo in ya tsufa, ruwansa ya cinye layukan allo. Masu ajiye tsofaffin na'urori suna cire shi su goge wurin, kuma wannan ya ceci da yawa. An san ciwon, an san inda yake, hannu yana kaiwa.

36/ Akasin haka kuma, duk wanda ya buga gem mai kaset yana yaro ya san hura kaset da baki. Al'adar ta samo asali tun zamanin NES ta Nintendo a shekarun 1980. Cirewa da mayarwar ce ke sa haƙoran su zauna daidai. Damshin bakin kuwa tsatsa yake jawowa, har Nintendo ya yi gargaɗi a daina. Kakan tawul ke nan.

37/ Me ya shafe mu? Yawancinmu na hannu muke saya, babu garanti, babu akwatin gawa da za a aiko. Na'urar da aka hura wa bulowa jiya za ta tashi lafiya a gaban mai saye yau. Gwajin minti biyar a shago ba ya nuna komai. Ka sa gem mai nauyi ta yi kamar awa ɗaya, a kashe ta huce, a sake kunnawa.

38/ In tsohuwar 360 mai ƙiba ce, duba rubutun da ke bayanta, wurin da aka rubuta 12V:
16.5A: Xenon ko Zephyr, ka yi nesa da ita
14.2A: yawanci Falcon, da dama-dama
12.1A: Jasper, ita ake nema
Ka kuma duba ko an taɓa ɓalle akwatin.

39/ Sai adaftarta. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka wutar 100 zuwa 127 take ɗauka, tamu kuwa 230 ce. Ka soka ta kai tsaye, sai ƙara da hayaƙi. Karanta jikinta kafin ka haɗa. Kuma da yadda wutarmu ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke, sitabilaiza ba ado ba ce.

40/ Abin da hannunka zai iya, kuma yake da amfani: share ƙura, musamman bayan hunturu. Kar a kulle ta cikin durowa ko a ɗora ta kan kafet. A bar mata sarari ta baya. PS5 ma an yi mata ramukan tara ƙura a ƙarƙashin murfinta, kuma murfin yana cirewa ba tare da an kwance ko sukuru ɗaya na ciki ba.

41/ Canza fanka, canza man da ke tsakanin aisi da ƙarfen shan zafi a PS3 ko PS4, canza sandar hannun gem da ke tafiya da kanta, duk ana yi in akwai kayan aiki da natsuwa. PS5 kam ruwan ƙarfe ne a kan aisinta, in ya zuba kan allo ya haɗa wuta. Wannan a bar wa wanda ya saba.

42/ In kuma ka kai wa mai gyara ya ce zai "ɗan hura mata wuta", tambaye shi: wane abu ne ya lalace, kuma ta yaya ya gane? In ya auna ya nuna maka, madalla. In amsar ita ce haka ake yi kuma tana tashi, to ka tuna tawul ma yana tayar da ita. Ku yi ciniki kan wata nawa zai tsaya mata.

43/ Nan zan tsaya. Masu gidan gem da masu gyara da ke nan, wace na'ura ce ta fi ba ku wahala, kuma wace dabara kuka taɓa gani ana yi mata? Wanda ya san mai shirin saka PS ɗinsa a oben kuma, ya tura masa zaren nan tun kafin ya kunna gas 🙏